Yaran kwayarmu ihu suke yi maimakon rera waƙa: ta ina zan fara gyara?

Malamar Yara, Agege:

Ina gaishe ku duka, da fatan kowa ya wuni lafiya. Ni malama ce a makarantar Lahadi ta wata majami'a da ake sujada da Hausa a nan Agege, kuma yawancin iyayen yaranmu mutanen Kudancin Kaduna ne da Filato da Gombe da Adamawa waɗanda aiki ko kasuwanci ya kawo su Legas. Wata takwas ke nan da aka damƙa mini kwayar yara, wato rukunin yaran da ke rera waƙa a majami'a, bayan an yi wa mai koyar da su canjin wurin aiki. Ban yi karatun kiɗa da waƙa ba. Abin da na sani shi ne abin da na tsinta a Zumuntar Mata da kuma shekarun da na yi ina rera alto, wato muryar mata ta ƙasa, a kwayar manya.

Yaran su 27 ne, ƙaraminsu yana da shekara 7, babbansu 14. Muna haɗuwa ranar Asabar daga ƙarfe huɗu zuwa biyar da rabi, idan cunkoson hanya bai cinye rabin lokacin ba ga waɗanda suke zuwa daga Ogba da Abule Egba. Babban abin da ke damuna shi ne yaran ba sa rera waƙa, ɗaga murya kawai suke yi kowa yana son a ji shi, har jijiyoyin wuyansu su fito. Bayan bikin makon yara da muka yi, uku daga cikinsu sun wayi gari murya a disashe. Biyu sun warke, amma wata yarinya 'yar shekara 9, wadda ita ce ta fi kowa zaƙin murya, yau mako uku ke nan muryarta ba ta dawo ba, kuma duk lokacin da ta buɗe baki ta gaishe ni sai in ji kamar ni na jawo mata.

Bayan wannan, idan muka fara waƙa daidai da fiyano, kafin mu kai baiti na uku sai in ji sun zame ƙasa, fiyano yana wani wuri su suna wani wuri. Akwai kuma samari biyu 'yan shekara 13 da muryarsu ta fara fashewa, ƙananan suna yi musu dariya, har ɗaya ya daina zuwa. Hausar yaran ma abin dubawa ce, domin a nan aka haife su, Yarabanci da buroka sun fi zama a bakinsu, ba sa bambanta ƙ da k, ko ɗ da d. Duk da haka dattawan majami'a sun ce suna so yaran su yi waƙa mai murya huɗu a Kirsimeti kamar yadda manya suke yi. Ina roƙon waɗanda suka san wannan aiki su nuna mini abin da ya kamata in sa a gaba da abin da zan jinkirta.

Tsohon Mai Koyar da Kwaya, Obalende:

'Yata, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba da lada. Na koyar da kwaya a Jos da Kaduna da nan Legas kafin ƙarfi ya ragu, kuma abin da kika lissafa kamar matsaloli biyar, ni a ganina uku daga ciki uwarsu ɗaya. Ihun da disashewar da zamewar duk daga wuri guda suke fitowa, wato yaran suna waƙa da muryar magana, irin wadda suke kiran juna da ita a bakin titi, ba su taɓa gano cewa suna da wata murya ta sama ba, siririya mai sauƙi, wadda ita ce ainihin muryar waƙar yaro.

Kafin ki ɗora wa yaran laifi, ki duba inda kike ɗauko musu waƙa. Ke mai alto ce, don haka ina kyautata zaton kina ɗauko ta a inda ya yi wa maƙogwaronki daɗi, wurin kuma ya yi wa yaro ƙasa. Idan waƙa ta yi ƙasa, yaro ba shi da yadda zai yi a ji shi sai ya tura ta da ƙarfi, idan kuma ta hau sama sai ya ja wannan nauyin ya hau da shi, ya gaji, ya kasa kaiwa, daga nan zamewa ta fara. Yawancin yara 'yan shekara 7 zuwa 10 sun fi sakewa tsakanin re da ke gaba da do na tsakiyar fiyano zuwa re na sama. Ki sa mai kaɗa muku fiyano ya ɗaga waƙoƙinku da sauti biyu ko uku, ki ce su rera a hankali kamar masu rarrashin jariri a baya. Makon farko za ki ji kamar muryar ta ɓace, iyaye ma za su ce yaran ba su ci abinci ba. Ki daure. Ƙarfi yana zuwa daga baya da kansa idan muryoyi suka haɗu, amma muryar da aka saba da ihu sai an sha wahala kafin ta koma.

Minti goma na farkon kowace haɗuwa ki ba jiki da numfashi. Su tsaya ƙafa a ɗan buɗe, kafaɗa a sake, kowa ya ɗora tafin hannu a kan cibiya, ya ja iska ta hanci har ya ji cikinsa ya turo hannun, ba tare da kafaɗa ta ɗaga ba. Sai su saki iskar da sautin "sss" kamar tayar keke tana sacewa, kina ƙirga musu, yau takwas, mako mai zuwa goma, a hankali har su kai sha shida. Daga nan su rufe baki su yi "mmm" har su ji leɓɓansu suna ƙaiƙayi, sannan su kwaikwayi jiniyar motar asibiti da "uuu", daga can sama su gangaro ƙasa. Wannan jiniya ita ce hanya mafi sauri da na sani ta kai yaro ga muryarsa ta sama, domin wasa yake gani, ba ya jin tsoron tsayin sautin. Kullum ki fara daga sama ki sauko, kada ki fara daga ƙasa ki hau.

Sai kuma kunne, wanda shi ne rabin aikin. Ki koya musu solfa, amma kada ki zuba musu do re mi fa so la ti do gaba ɗaya a kan allo kamar yadda aka yi mana. Wani fasto Baturen Ingila mai suna John Curwen ne ya yaɗa wannan tsari tun wajen shekarun 1840, ya gina shi a kan aikin wata malama Sarah Glover ta garin Norwich, kuma don yaran makarantar Lahadi da talakawan da ba su da kayan kiɗa aka yi shi, shi ya sa 'yan mishan suka zo mana da shi ya zauna. Yana da alamun hannu. Do dunƙulallen hannu ne, mi hannu ne a shimfiɗe tafi yana kallon ƙasa, so hannu ne a tsaye tafi yana kallon mai yi, la kuwa hannu ne a sake yatsu suna rataye. Ki fara da so da mi kaɗai, ki rera, su maimaita, kina ɗaga hannu kina saukewa. Bayan mako biyu ki ƙara la, sannan do da re. Fa da ti ki bar su sai ƙarshe, domin tazarar da ke tsakanin mi da fa, da kuma ti da do, rabin ta sauran ce, kuma a nan ne yara suka fi zamewa idan waƙa tana gangarowa. Rabin lokacin nan ki kashe fiyano. Yaron da kullum fiyano ke jansa ba ya koyon sauraron na kusa da shi, kuma ranar da aka ɗauke wuta a tsakiyar sujada za ki ga amfanin abin da nake faɗa.

Game da murya huɗu, ki je ki sami dattawa cikin ladabi ki gaya musu cewa yara ba su da tena da bes, wato muryoyin manyan maza, Allah bai ba su ba tukuna, kuma tilasta wa ɗan shekara 10 ya yi gurnani a ƙasa cutarwa ce. Murya ɗaya mai tsabta daga yara 27 ta fi murya huɗu a hargitse. Samarin nan biyu kuwa, a zamaninmu hutar da su muke yi shekara ɗaya ko biyu. Ki ba ɗaya ganga, ɗaya kacau-kacau, su zauna cikin ƙungiya har muryar ta zauna.

Malamin Islamiyya, Idi-Araba:

Malama, sannu da ƙoƙari. Ni ba ɗan majami'a ba ne, amma shekaru da dama ina shirya ɗalibanmu don rera ƙasidu a Maulidi da walimar saukar karatu, kuma da na karanta bayaninki sai na ga kamar ajina kike siffantawa, har da disashewar murya washegarin taro. Baba ya gama magana a kan murya, ni a kan harshen yaran nake so in tsaya, domin a nan na fi shan wahala da 'ya'yan Legas.

Karatun Alƙur'ani ba waƙa ba ne, kuma ba na haɗa su, amma horon da tajwidi yake yi wa baki da numfashi yana bin yaro duk inda ya je. A tajwidi ba a barin yaro ya wuce harafi sai ya san mafitarsa, ana ƙirga masa tsawon ja, harakoki biyu ko huɗu ko shida, ana kuma nuna masa inda zai tsaya ya ja numfashi ba tare da ya yanke ma'ana ba. Da na ɗauki waɗannan abubuwa uku na kai su kan ƙasidun Hausa sai aiki ya yi sauƙi. Kafin mu sa wa baiti kari, sai mun karanta shi da baki sau uku tare, a hankali, ina buga tebur a kan kowace gaɓa. Ina sa yaro ya ɗora yatsa a kan maƙogwaronsa ya ce "kafa" sannan ya ce "ƙafa", ya ji yadda maƙoshi yake ɗan tsukewa ya yi sama a ta biyun. Haka muke yi da "da" da "ɗa", da "bata" da "ɓata". Minti biyar ne a kowace haɗuwa, amma bayan wata biyu iyaye da kansu suke cewa Hausar yaro ta gyaru a gida.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne tsawon wasali. Waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa aka gina ta, wata gaɓar mai nauyi ce wata marar nauyi, kuma kunnen Bahaushe yana iya haƙuri idan karin waƙa ya saɓa wa hawa da saukar magana, amma ba ya haƙuri idan aka ja abin da ba a ja. Idan kari ya sa yaro ya ja "ga" a cikin "gari" na mutane, to ya mai da shi garin tuwo, kuma duk wanda ke zaune ya ji. Ina jin wannan zai fi damunku, tunda wasu waƙoƙinku fassara ce aka ɗora a kan karin Turawa. Shawarata ita ce ki zauna da waƙoƙin ki tace, ki fara da waɗanda kalmominsu suka zauna daram a kan karinsu, musamman waɗanda mutanenmu suka tsara da Hausa tun asali, masu jagora da amshi.

Jagora da amshi kuwa kada ki raina shi. Da yawa daga makaɗan fada da muka sani a cikin 'yan amshi suka tashi, shekaru suna karɓa wa wani kafin a ba su baki. Ni ina juya jagoranci a tsakanin yara, kowa ya ja layi ɗaya saura su amsa, ta haka nake jin muryar kowane yaro shi kaɗai ba tare da na tsayar da shi a gaban aji ya ji kunya ba. Sannan ki rage lasifika. Na lura idan aka ƙure ta yara ba sa jin kansu, sai su ƙara ihu don su cim mata, janareta kuma yana ruri a bayan taga. Mu yanzu a tsakar gida muke atisaye bayan la'asar, babu makirfo, a zaune cikin da'ira yadda kowa yana ganin bakin kowa.

Maman Biyu, Ikeja:

'Yar'uwa, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma maganar yarinyar nan ce ta sa na kasa wucewa. Disashewar da ta kai mako uku ba ta jiran Asabar mai zuwa. Ki sami iyayenta yau ki ce su kai ta wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, akwai su a asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH a nan Ikeja. A cikin maƙogwaro akwai 'yan tantani biyu da suke karkarwa su ba da murya, idan ana yawan ihu sai su riƙa gugar juna da ƙarfi har su kumbura, wani lokaci su yi ɗan kanta kamar yadda tafin hannun mai daka yake yi. A wurin yara yawanci hutu da gyaran yadda ake amfani da murya suna wadatarwa, amma likita ne zai leƙa ya tabbatar ba wani abu ba ne.

Kafin nan kada ta yi waƙa, kada ta yi kira daga nesa, kuma kada a ce ta riƙa raɗa, domin raɗa ma tana takura maƙogwaro. Ta yi magana kaɗan a hankali, ta yawaita shan ruwa. Alewar minti da ake ba yara tana sanyaya wuya ne kawai, ba ta warkar da komai, har tana iya sa yaro ya ji kamar ya warke ya koma ihu. Ki sa kowane yaro ya zo da gorar ruwansa, ki ba su hutun minti biyar a tsakiya, musamman idan hunturu ya shigo da ƙura, kuma a matsar da janareta nesa da tagar da suke shaƙar iska.

Idan kuma kina da yaron da kullum yake waƙa a wajen kari duk yadda aka nuna masa, a duba kunnensa kafin a yanke cewa ba shi da baiwa. Na sha ganin yaran da datti ya toshe musu kunne ko ruwa ya taru a bayan dodon kunne bayan mura, ana ta yi musu faɗa alhali ba sa ji sosai ne.

Ɗalibin Kiɗa, Yaba:

Ina gaida iyayena da suka riga ni magana. Baba, na ƙaru ƙwarai da bayaninka, kuma da a ce an yi mini irin wannan horo ina yaro da ban sha wahalar da na sha ba daga baya. Amma ina neman afuwa, a kan samarin nan biyu ina da ja. Hutar da yaro idan muryarsa ta fashe tsohuwar al'adar manyan majami'un Ingila ce, kuma masu binciken muryar matasa, irin su John Cooksey na Amurka, sun nuna cewa canjin mataki-mataki yake tafiya, kuma yaro yana iya ci gaba da waƙa a kowane mataki muddin an ba shi abin da muryarsa take iya kaiwa a lokacin. Abin da ke faruwa shi ne maƙogwaro yana girma, tantanin murya suna ƙara tsawo da kauri, har muryar namiji ta sauka kusan tsawon do zuwa do, ta mace kuma ta sauka kaɗan. A tsakiyar wannan canji wani yaron sautuka biyar ko shida kaɗai suke rage masa masu kyau. Idan aka ce ya bi sufurano, wato murya mafi sama, zai ƙwace, idan aka ce ya bi bes ba zai kai ba, shi ya sa ake ganin kamar muryar ta lalace.

Malama, abin da zan ba ki shawara shi ne ki kira su su biyu kafin sauran su iso, ki sa kowanne ya ƙirga ɗaya zuwa goma da muryar magana, ki nemo sautin a kan fiyano, daga nan ki bi sama da ƙasa ki ga iyakarsa. Ki tsara musu ɗan amshi mai sauti uku ko huɗu a cikin wannan iyaka, wanda za su riƙa maimaitawa a ƙarƙashin waƙar. Ki sake gwada su duk bayan mako shida, domin iyakar tana matsawa. Ganga ba laifi ba ce, amma na san abokaina da aka ba ganga a shekara 13 ba su sake buɗe baki a kwaya ba har yau. Kuma ki tara yaran duka ki gaya musu a fili cewa wannan alamar girma ce, kowane namiji a cikinsu yana kan hanya, dariyar za ta ragu.

Wannan amshi da ake maimaitawa shi ne kuma ƙofar murya biyu. Bayansa sai waƙar bi-da-bi, inda rukuni ɗaya zai fara, na biyu ya shigo da kari iri ɗaya bayan layi guda. Yaro yana koyon riƙe nasa alhali yana jin wani abu dabam a gefensa, kuma wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan alto da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da sufurano, wanda yara suke narkewa su koma cikin babban kari. Abin da Malam ya faɗa a kan waƙoƙin gida ma shi ne ginshiƙin tsarin Zoltan Kodaly, masanin kiɗa na ƙasar Hangari, wanda ya rasu a 1967. Ya nace cewa yaro ya fara da waƙoƙin harshen uwa, da murya zalla, da karin da ke yawo a kan sautuka biyar, kuma waƙoƙin gaɗa da na dandali da iyayenmu mata suka sani da yawansu haka suke. Ki tambayi matan Zumunta, za ki tara abin koyarwa na shekara guda.

A nan Legas muna da abin koyi a kusa. T.K.E. Phillips ya riƙe kwayar Cathedral Church of Christ da ke Marina daga 1914 zuwa 1962, kuma a hannunsa mashahurin mai tsara kiɗa Fela Sowande ya tashi yana yaron kwaya. Ayo Bankole, wani mai tsara kiɗan, wanda aka haifa a Jos a 1935, shi ma ta wannan kwaya ya bi. Phillips ya damu ƙwarai da yadda za a sa karin waƙa ya girmama hawa da saukar Yarabanci, wato irin damuwar da Malam ya kawo game da Hausa. Idan kina son ki ƙara wa kanki ilimi, ƙungiyar raya kiɗa ta Najeriya, wato MUSON, da aka kafa a 1983 tana da makarantar kiɗa a cibiyarta ta Onikan, ana koyar da ƙa'idojin kiɗa da murya, ana kuma yin jarrabawa mataki-mataki. Ko matakin farko na ƙa'idoji kika yi zai ba ki damar karanta waƙa da kanki. Ki nemi majami'a ta ɗauki nauyin, tunda aikinta kike yi.

Tsohon Mai Koyar da Kwaya, Obalende:

Ɗana, na karɓi gyaranka, kuma da na tuna yaran da na ba ganga na ga gaskiyarka a kan wasunsu. Sharaɗi ɗaya zan ƙara. Duk ranar da yaron ya ce wuyansa yana ciwo, ko ki ga yana miƙa haɓa sama yana yamutsa fuska don ya kai wani sauti, to ranar ya huta, kada a ce ya daure. Mu da muka hutar da su tsoron wannan ne ya sa, domin mun ga waɗanda aka tilasta wa sufurano har muryarsu ta tafi da kaushi zuwa girma.

Malamar Yara, Agege:

Baba, Malam, Maman Biyu da ƙanena na Yaba, na gode, Allah ya saka da alheri. Na jinkirta amsa ne don in gwada abin da kuka faɗa, yau Asabar huɗu ke nan.

An kai yarinyar asibiti, likita ya ce kumburi ne, ya ba ta hutun waƙa na wata guda, ya kuma ce a dawo da ita a sake dubawa. Tana zuwa atisaye duk da haka, na ba ta aikin yin alamun hannu a gaba, kuma ta riga kowa haddace su. Baba, gaskiyarka ne, a ƙasa nake ɗauko waƙa. Da muka ɗaga ta muka yi jiniyar nan, wani yaro ɗan shekara 8 da nake ajiyewa a layin baya saboda yana gurnani a kan sauti ɗaya ya bi mu har sama, ya tsaya ya dafe bakinsa yana zare ido, ya ce mini, "Malama, ni ne na yi wannan?" Na sa ya sake sau uku don ya tabbata. Zamewar ba ta ƙare ba, amma yanzu sai a baiti na ƙarshe nake jin ta, kuma na gane tana zuwa ne a inda numfashinsu yake ƙarewa, don haka na bi shawarar Malam na sa musu alama a takarda a wuraren da za su ja iska.

Na je gidan saurayin da ya daina zuwa, na yi magana da mahaifiyarsa, ya dawo makon jiya. Shi da abokinsa suna riƙe da amshi mai sauti uku, do da la da so na ƙasa, kuma ƙananan da suke dariya yanzu roƙo suke a bar su su shiga rukuninsu. Dattawa ba su ji daɗin maganar murya huɗu ba da farko, ɗaya ma ya ce a garinsu yara suna yi, amma fasto ya zo ya zauna a atisaye ya saurara, ya ce a bar mu da murya ɗaya da amshi a bana.

Inda na maƙale yanzu shi ne tazarar shekaru. 'Yan shekara 7 da 8 suna gajiya bayan minti arba'in su fara tsokanar juna, manyan kuma suna ƙosawa da so da mi, suna son a wuce gaba. Ina tunanin raba su gida biyu, ƙanana daga huɗu zuwa biyar saura kwata, manya su ci gaba zuwa biyar da rabi, amma yawancinsu 'yan gida ɗaya ne da suke zuwa tare a Keke ɗaya, kuma ba ni da wanda zai kula da ƙananan idan na sallame su. Malam, kai da kake da aji mai irin wannan haɗin, yaya kake raba lokacinka a tsakaninsu?